Muhawara: ATR 72-600 ko ATR 72-212A, wanne ne sunan jirgin na gaskiya?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar jirage daga ciki, domin ni fasinja ne kawai. A makon jiya na taso daga Abuja a jirgi mai farfela biyu, kuma da na zaro takardar bayanin kariya daga aljihun kujerar da ke gabana sai na ga an rubuta ATR 72-600 da manyan haruffa. Bayan mun sauka na shigar da lambar rajistar da ke jikin jirgin a wata manhaja ta bibiyar jirage, sai ta nuna mini cewa sunansa ATR 72-212A. Da na ƙara bincike na tarar har jiragen da aka ƙera kafin shekarar 2000 ana kiransu da wannan suna. Shin tsohon jirgi aka yi wa fenti aka liƙa masa sabuwar lamba, ko kuwa akwai abin da ban fahimta ba? Ba na son in zargi kowa alhali ban sani ba.

Bashir, ɗalibi a Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. A iya sanina manhajar ce ta yi kuskure, domin 72-212 jirgi ne na farkon shekarun 1990 mai farfela mai fiffike huɗu, shi kuwa 72-600 sabon jirgi ne gaba ɗaya. Idan ka ƙirga fiffike shida a kowace farfela, to takardar da ke aljihun kujera ita ce mai gaskiya.

Injiniya Rabi'u:
Bashir, ka yi kusa amma ka tsallake harafi guda, kuma a aikinmu harafi guda yana iya zama bambancin jirgi da jirgi. Malam Nasiru, ka kwantar da hankalinka: takardar ta faɗi gaskiya, manhajar ma ta faɗi gaskiya. Jirgin yana da suna biyu ne, sunan yanka da sunan kasuwa. Sunan yanka shi ne wanda hukumar kula da lafiyar jirage ta Turai ta rubuta a takardar shaidar ƙirar jirgin, wato 72-212A, kuma shi ke zuwa a rajistar kowace ƙasa. Sunan kasuwa shi ne wanda kamfani ke tallata jirgin da shi.

Bari in jero zuriyar yadda take, domin a ga inda harafin ya shigo. An kafa kamfanin ATR a 1981, haɗin gwiwa tsakanin Aérospatiale ta Faransa da Aeritalia ta Italiya, waɗanda a yau magadansu su ne Airbus da Leonardo, kowanne da rabi. Ɗan fari shi ne ATR 42, wanda ya fara tashi a ranar 16 ga Agusta 1984, ya shiga aiki a ƙarshen 1985 a hannun kamfanin Air Littoral na Faransa. Daga baya aka ƙara wa gangar jikinsa tsawon mita 4.5, aka ƙara faɗin fukafukansa, aka samu ATR 72, wanda ya fara tashi a Oktoba 1988, kamfanin Finnair ya fara ɗaukar fasinja da shi a 1989. Lambobin 42 da 72 daga adadin kujerun da aka tsara musu tun farko aka ɗauko su. Na farkon ATR 72 suna ɗauke da injin PW124B mai ƙarfin doki 2,400. Sai aka ga suna wahala a wuraren zafi da tuddai, aka sa musu injin PW127 mai ƙarfin doki 2,750, aka kira su 72-211 da 72-212. Wannan shi ne wanda Bashir ke nufi, kuma gaskiyarsa, farfelarsa mai fiffike huɗu ce. A 1997 aka fito da ingantaccensa mai farfela mai fiffike shida, wanda ya fi ɗaukar nauyi kuma ya fi shiru a ciki, hukuma ta ba shi suna 72-212A, 'yan kasuwa suka kira shi 72-500. Da aka zo ƙera 72-600 ba a nemi sabon sunan yanka ba, domin jiki da fukafukai ba su canza ba. An rubuta shi ne a matsayin 72-212A da aka yi wa gyara mai lamba 5948, wato sabon tsarin na'urorin ɗakin matuƙa.

Saboda haka ƙirga fiffike ba zai raba maka 500 da 600 ba, duka shida-shida ne.

Malam Nasiru:
Allah ya ƙara sani, Injiniya. To amma idan jiki ɗaya ne, fukafukai ɗaya ne, farfela ɗaya ce, ashe ba dabarar 'yan talla ba ce kawai a ce 600? Mu a kasuwa idan aka canza wa kaya kwali aka ƙara kuɗi mun san sunan abin.

Kyaftin Aminu:
Malam Nasiru, da a ce ka taɓa zama a kujerar gaba ta jiragen biyu da ba za ka kira shi canjin kwali ba. Na yi shekaru ina tuƙa 72-500 kafin a mayar da ni kan 600, kuma ranar farko da na shiga ɗakin sai na ji kamar an kai ni gidan da na sani amma an sauya wa kowane kaya wurin zama. A 500 akwai ƙananan allunan gilashi na tsohon yayi, sauran gaban kuwa cike yake da agogai masu allura, na zafin inji daban, na juyin farfela daban, na mai daban. A 600 an kwashe yawancinsu an sa manyan allunan kwamfuta guda biyar na kamfanin Thales, kuma takardar matakan da matuƙi zai bi idan wata matsala ta taso tana fitowa da kanta a kan allo. Shi ya sa, ko da yake lasisin ATR 42 da 72 guda ne, ba a barin matuƙin 500 ya hau 600 sai ya yi horon sanin bambanci.

Banda ɗakin matuƙa, akwai nauyi da inji. Iyakar nauyin da 72-600 ke tashi da shi kilo 23,000 ne, na 500 kuwa ya tsaya a 22,800 a mafi girman zaɓinsa. Kilo 200 ba zai yi wa mai karatu girma a ido ba, amma fasinja biyu ne da kayansu, a kowane tashi, shekara da shekaru. Injin PW127M da 600 ya zo da shi yana da damar ƙarin ƙarfi na kashi 5 cikin 100 a lokacin tashi daga wuri mai zafi ko mai tudu. Kuma tun daga 2022 sababbin da ke fitowa daga masana'antar kamfanin a Toulouse ta Faransa suna zuwa da PW127XT, wanda masu ƙera shi suka ce yana rage shan mai da kashi 3 cikin 100 kuma yana daɗewa a jikin fiffike kafin a sauke shi don babban gyara. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne a Afirka aka fara karɓar jiragen wannan zubi: Royal Air Maroc ce ta karɓi 72-600 na farko a 2011, Precision Air ta Tanzaniya kuma ta karɓi 42-600 na farko a 2012.

Abin da zan yarda da kai a kansa shi ne gudu. Wanda ya hau 600 yana tsammanin zai riga na 500 isa ya yaudari kansa, domin dukansu kusan kilomita 510 suke yi a awa, kuma dukansu ba sa wuce ƙafa 25,000 a sama.

Hajiya Maryam:
Ina biye da ku, kuma ina ƙaruwa. Ni sana'ata sayar da tikiti ce, kuma zan faɗa muku abin da nake gani a kan teburina. Mutanenmu ba su damu da 500 ko 600 ba; da zarar sun ji an ce mai farfela ne sai su ce a duba musu wani. Akwai wani dattijo da ya ce mini shi ba zai hau jirgin da ake shiga ta baya ana tokare masa wutsiya da sanda ba. Na rasa amsar da zan ba shi, domin ni ma na ga sandar da idona. Kyaftin, mene ne gaskiyar wannan sanda, kuma me ya sa ake shiga ta ƙofar baya?

Kyaftin Aminu:
Hajiya, dattijon nan ya lura da kyau, fassararsa ce kawai ta kauce. A yawancin jiragen ATR ɗakin kaya yana gaba ne, tsakanin ɗakin matuƙa da kujerun fasinja, kuma babbar ƙofar da ke gaba ta hagu ta lodin kaya ce. Shi ya sa fasinja ke hawa ta ƙofar baya, wadda ita kanta matattakala ce idan an buɗe ta, ba sai an turo wata ba. ATR 72 dogo ne, tayoyinsa na tsakiya kuma su ne madogararsa, don haka idan mutane suka taru a baya lokacin hawa ko sauka alhali gaba babu kaya, hanci na iya ɗagawa wutsiya ta nufi ƙasa. Sandar nan da ake rataye wa a ƙarƙashin wutsiya riga-kafin wannan ne, ana cire ta kafin a rufe ƙofa, a tafi da ita cikin jirgin. A farkon zuriyar an ƙera wasu masu ƙofar fasinja a gaba, su ne 72-201 da 72-211, amma kamfanoni sun fi son mai ƙofar kaya a gaba, shi ya sa 202 da 212 suka fi yawa.

Akwai wani abu kuma da ke tsorata fasinja a wannan lokacin. Za ka ji inji yana ruri a gefen dama amma farfelarsa a tsaye cak, sai mutum ya ɗauka wani abu ya maƙale. ATR ba ya da ƙaramin injin nan na wutsiya da manyan jirage ke kunnawa a ƙasa don samun lantarki da sanyi. Maimakonsa an sa wa farfelar dama birki, sai a kunna injin a riƙe farfelar, ya riƙa ba da wuta da iska. Mu muna kiran wannan hotel mode. A filin jirgin da babu motar ba da wuta, ko akwai ta amma ta lalace, wannan dabara ita ke sa jirgi ya kai mutane ya dawo ba tare da ya jira kowa ba. Sharaɗinta ɗaya: a kula da inda iska ke kaɗowa, domin idan tana bugowa daga baya da ƙarfi takan mayar da zafin hayaƙi cikin gidan injin.

Malam Isufu daga Damagaram:
Gaisuwa ga kowa. Ni tambayata ta shafi zaɓi tsakanin ƙarami da babba. A wajenmu tafiya tana da nisa kuma fasinja ba su da yawa: daga Yamai zuwa Damagaram ko Agadas a sama kusan kilomita 740 ne, zuwa Diffa kuwa ya haura 1,100. Ga zafin watan Afrilu da Mayu wanda kowa ya sani. A ganina 42-600 ya fi dacewa da irin wannan ƙasa, amma ina ganin kamfanoni kusan ko'ina babban suke saye. Ko akwai dalilin da ya ɓuya mini?

Bashir, ɗalibi a Zariya:
Injiniya, na karɓi gyara, na kuma gode. Malam Isufu, na yi ɗan lissafi da alƙaluman da ke littafinmu, manya su duba mini. Injin da ke jikin 42-600 da 72-600 iri ɗaya ne, sai dai an rage masa ƙarfi a ƙaramin: idan inji ɗaya ya mutu, wanda ya rage yana ba da doki 2,400 a 42, yana ba da 2,750 a 72. Nauyin 42-600 na ƙarshe kilo 18,600 ne, na 72-600 kuma 23,000. Idan aka raba, kowane doki guda yana jan kilo 7.75 a ƙaramin, yana jan kusan kilo 8.4 a babban. Ke nan ƙaramin ya fi samun sarari idan abu ya ɓaci.

Kyaftin Aminu:
Lissafinka daidai ne, Bashir, kuma ka taɓo ainihin inda zafi ke cizo. Mutane suna ɗauka matsalar tsawon titin tashi ce, alhali titunan Kano, Sakkwato da Maiduguri sun ishi jiragen da suka ninka ATR girma. A ma'aunin littafi, wato a bakin teku da iska mai sanyin digiri 15, cikakken 72-600 yana buƙatar kusan mita 1,300, ƙaramin kuma mita 1,100 da 'yan kai. Abin da ke ɗaure mu shi ne doka ta ce dole jirgi ya iya ci gaba da hawa da inji ɗaya idan ɗayan ya mutu daidai lokacin tashi. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun abin da zai shaƙa sosai, farfela da fukafukai ba sa samun abin kamawa. Da rana tsaka a Sakkwato ana digiri 42, ko a Jos inda filin jirgin ke sama da ƙafa 4,000, sai ka buɗe jadawali ka ga nauyin da aka yarda ka tashi da shi ya sauka ƙasa da na littafi. Daga nan zaɓi ya rage naka: ka rage mai, ka rage kaya, ko ka bar kujeru babu kowa. Na sha tsayawa a gindin fiffike ina kallon ana sauke jakunkuna, fasinja suna harara ta taga, suna ganin mugunta ce.

Duk da haka, Malam Isufu, dalilin da kamfanoni ke son babban ba ɓoyayye ba ne. Matuƙa biyu ne a kowanne, inji biyu iri ɗaya ne, yawancin kayan gyara ɗaya ne, man da babban ke sha bai fi na ƙaramin da yawa ba, amma yana ɗaukar mutum 70 zuwa 72, har 78 idan aka matse kujeru, shi kuwa ƙaramin 48 zuwa 50. Mai jirgi yakan gwammace ya tashi da 72 da kujeru goma babu kowa a lokacin zafi, ya cika shi a sauran watanni.

Malam Isufu daga Damagaram:
Na ji wannan, Kyaftin, amma ban gamsu duka ba. Lissafin naka yana tafiya ne idan akwai mutum sittin da za su hau. Hanyar da ba ta tara fiye da talatin da biyar a rana, babban jirgi asara zai riƙa kwasowa komai arahar kujerarsa. Kuma na taɓa karanta cewa ana shirin fito da wani 42 mai tashi daga gajeren titi, wanda zai yi amfani a ƙananan garuruwa.

Injiniya Rabi'u:
Wannan shi ne 42-600S, wanda aka tsara zai tashi daga titi mai mita 800 da fasinja 40. An yi nisa da aikinsa, har an yi gwajin tashi, amma a Nuwamba 2024 kamfanin ya sanar da dakatar da shi, don haka kada a sa shi a lissafi. Wanda ya tabbata daga sababbin rassan shi ne 72-600F na ɗaukar kaya zalla, mai babbar ƙofa kuma ba tagogin fasinja, wanda kamfanin jigilar kaya na FedEx ya fara karɓa a Disamba 2020. Akwai kuma na aikin soja: rundunar sojin saman Najeriya ta sayi ATR 42 guda biyu na sintirin teku. A batun hanyar da ba ta da mutane ina bayan Malam Isufu.

Amma ina so in dawo kan maganar kamannin da Kyaftin ya ambata, cewa yawancin kayan gyara ɗaya ne. Wannan ni'ima ce ga mai jirgi, amma a wurinmu masu gyara ita ce babbar jarrabawa, domin abin da ya yi kama da ɗan'uwansa shi ke ruɗin ido. A ranar 6 ga Agusta 2005 wani ATR 72 na kamfanin Tuninter na Tunisiya ya taso daga Bari a Italiya zai je tsibirin Jerba. Kwana guda kafin nan an canza masa na'urar da ke nuna yawan mai, sai aka sa masa ta ATR 42. Na'urorin biyu girmansu ɗaya, mazauninsu ɗaya, wayoyinsu suna shiga daidai. Bambancin da ido zai gani a fuskarsu ɗan rubutu ne: ta 72 tana ɗauke da 2500, ta 42 tana ɗauke da 2250, wato kilo nawa tanki guda ke ci, domin babban yana ɗaukar kilo 5,000 na mai, ƙaramin 4,500. Tun da siffar tankunan ta bambanta, lissafin da ke cikin na'urar ma ya bambanta, sai ta riƙa nuna mai fiye da abin da ke akwai. Injinan biyu suka mutu ɗaya bayan ɗaya a kan teku alhali na'urar tana cewa da sauran kilo 1,800. Matuƙan suka saukar da jirgin a ruwa kusa da Palermo ta Italiya, mutum 16 daga cikin 39 suka rasu.

Shi ya sa nake damun yaran da ke aiki a ƙarƙashina da karanta lambar kaya harafi bayan harafi, su gwada ta da littafin wannan jirgin mai wannan lambar ƙira, ba littafin ATR kawai ba. Sukan ce na cika tsanani.

Hajiya Maryam:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Injiniya, wannan labari ba zan ba dattijona shi ba, don zai ƙara gudu. Abin da nake buƙata shi ne abin da zan faɗa wa mai tafiya Kano zuwa Abuja idan ya ce mai farfela zai ɓata masa lokaci.

Kyaftin Aminu:
Ki faɗa masa nisan bai kai kilomita 400 ba a sama, haka ma Kano zuwa Sakkwato. A irin wannan tazara jet bai gama hawa ba zai fara shirin sauka, don haka abin da zai riga mu da shi bai fi minti goma zuwa sha biyar ba. Inda bambancin ke fitowa fili shi ne Kano zuwa Legas, sama da kilomita 800, inda ATR zai kusan cin awa biyu. A nan ni kaina ba zan yi gardama da mai son jet ba. Ki kuma gaya masa injin da ke juya farfelar nan ɗan gidan su injin jet ne, kananzir ɗin jirgi iri ɗaya suke sha, kamfanin Pratt & Whitney na Kanada ke ƙera shi. Idan kuma ƙara ce ke damunsa, ki zaɓa masa kujera can baya, nesa da layin farfela, ga shi kuma zai riga kowa sauka.

Malam Nasiru:
Na gode ƙwarai da wannan bayani. Saura abu ɗaya: tun da rajista ba ta rabawa kuma fiffike ba ya rabawa, ta yaya ni fasinja zan gane 500 daga 600 ba tare da na leƙa ɗakin matuƙa ba?

Injiniya Rabi'u:
Ka koma manhajar taka, Malam, ka nemi gajeriyar lambar nau'in jirgi mai harafi huɗu, wadda masu kula da zirga-zirgar sama ke amfani da ita. Idan ka ga AT75 to 72-500 ne, idan AT76 ne to 72-600 ne; na ƙaramin kuma AT45 da AT46. Ka duba shekarar ƙira ma, domin duk wanda ya fito kafin 2011 ba 600 ba ne. Ka turo mana abin da ta nuna maka a kan jirgin da ka hau.